Yadda muke auna ruwan rijiyoyi a ƙauyukan kwarin Rima

Duk shekara idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, magana ɗaya ake ji a ƙauyukan da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi: rijiya ta ƙafe. Daga nan sai a yi karo-karo a kira masu haƙa su ƙara mata zurfi, ko a rubuta wa ƙaramar hukuma takardar neman burtsatse. Sau da yawa kuɗin kan tafi a banza, domin ƙafewar rijiya iri-iri ce. Wata ruwan ƙasa ne ya sauka da gaske. Wata laka ce ta cike mata gindi. Wata tana nan yadda take, masu ɗiba ne suka ninka. Wata kuma injinan noman rani da ke kusa ne suke janye mata ruwa. Kowacce da maganinta, kuma leƙe ba ya rabe su. Sai da awo, awon da ake yi daga wuri guda, a lokaci guda, mako bayan mako. Aikin da muke yi da kwamitocin ruwa na ƙauyuka ke nan, kuma ga yadda yake tafiya.

Abu na farko shi ne sanin wane ruwa ake aunawa, don a wannan yanki ba ruwa ɗaya ne a ƙasa ba. Akwai na fadama, wanda ke cikin yashi da tsakuwar da gulbin Rima ya shimfiɗa; yana kusa, kuma yana hawa da sauka tare da gulbi. Shi ya sa idan aka saki ruwa daga dam ɗin Goronyo da rani, rijiyoyin da ke dab da gulbi kan motsa ko da ba a yi ɗigon ruwan sama ba. Akwai na tudu, wanda rijiyoyin hannu na cikin gari ke kaiwa. Wasunsu kan haura mita 30, kuma ruwan sama kaɗai ke ciyar da su. Sai na can ƙasa, wanda ke cikin shimfiɗar yashin da masana ke kira da sunan Gwandu, laka mai kauri ta danne shi daga sama. Shi manyan burtsatse ke sha, kuma saboda dannewar, a wasu wurare cikin kwari idan aka huda lakar sai ya taso da kansa. A ƙasar Zuru da wani ɓangare na Yawuri lamarin ya bambanta, don can dutse ne a ƙasa, ruwan yana maƙale ne cikin tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen. Muna raba littafi gida uku tun daga farko, fadama daban, tudu daban, burtsatse daban. Wanda ya haɗa lambobinsu wuri guda ya ɗauki matsakaici, ya samo lambar da ba ta kowace rijiya ba ce.

A ƙauye mai matsakaicin girma rijiya 4 zuwa 6 sun isa. Mukan ɗauki wadda aka fi ɗiba, da wadda take fara ƙafewa, da ɗaya a bakin fadama, da ɗaya a can ƙarshen tudu. Wadda ta fi kowacce daraja a wurinmu ita ce rijiyar da aka daina ɗiba amma ba ta rufta ba, domin ita ce ke nuna ruwan ƙasa a natse, ba tare da guga ya dame shi ba.

Kafin a zura komai a rijiyar jama'a sai an gaida hakimi da mai unguwa. Mutum da wani ƙarfe a bakin rijiya da duhun asuba abin zargi ne, kuma mutane suna da gaskiya su yi zargin. Abin da muke faɗa ba ya da yawa: "Ranka ya daɗe, ba magani za a zuba ba, ba kuma haraji za a sa ba. Tef ne kawai, kuma yaronka ne zai riƙe shi." Awon farko da rana tsaka ake yinsa, a gaban kowa. Mai awon kuma ɗan unguwa ne wanda gidansa ke kallon rijiyar: ladan, ko malamin firamare, ko matar da ta iya rubutu wadda dama ita ke fara fitowa ɗiba. A halin tsaron da ake ciki a wasu sassan jihar, ba ma ɗora wa kowa rijiyar da za ta fitar da shi bayan gari kafin gari ya waye. Ta gona a jira haske.

Kowace rijiya tana da shafinta na farko a littafi. A nan ake rubuta lambarta, sunan da mutane suka san ta da shi, wurin da take kamar yadda waya ta nuna, faɗin bakinta daga ciki, tsayin ginin bakin daga ƙasa, zurfinta har gindi, ko da zoben siminti aka ɗaure ta ko ƙasa ce zalla, su wa ke ɗiba, da nisanta da masai, da kududdufi, da injin ban ruwa mafi kusa. Tsofaffin masu haƙa za su ba ka zurfin da gaba, kuma yana da kyau a rubuta abin da suka faɗa, tare da irin ƙasar da suka ratsa da inda suka ci karo da ruwa, don babu mai wannan ilimin sai su. Amma gaba ba ta yin awon mako-mako. Gabar wani mita 1.7 ce, ta wani 1.8. A rijiya mai gaba 15 bambancin ya kai mita 1.5, alhali abin da muke nema mu gani a mako wani lokaci bai wuce santimita 5 ba.

Sai alamar awo, wadda duk aikin ya rataya a kanta. Bakin rijiya ba ya zama daidai a kowane gefe. Igiya ta ci wani ɓangare, wani ya guntule, gefe da gefe kan bambanta da santimita 5 ko 10. Don haka ake zaɓar wuri ɗaya a gefen da ba a jan guga, a yi masa tsaga da guduma da kurfi ko a kafa ƙusar kankare, a zagaye da jan fenti. Fenti kaɗai ba ya kai damina biyu, tsagar ce ke zama. Daga wannan alama ake karanta tef har abada. Ana auna tsayinta daga doron ƙasa sau ɗaya a rubuta, domin idan za a ba injiniya lamba, zurfin ruwa daga ƙasa yake so, ba daga saman gini ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Tef mai mita 30 ko 50 irin na masu awon fili, da ɗan ƙarfen da ake rataya masa. Wannan ƙarfe mai walda ne ke yinsa: guntun bututu mai faɗin inci 1, tsawon santimita 10, a toshe samansa a manna masa zobe, a bar ƙasansa a buɗe. Idan buɗaɗɗen bakin ya bugi ruwa, iskar da ke ciki takan yi ƙara, ɓul, wadda ake ji ƙarara ko a rijiya mai zurfi. Ana zura shi a hankali har a ji ƙarar farko. Sai a ɗaga shi kamar taki ɗaya, a riƙa sakinsa ana ɗagawa da ɗan gajeren motsi, ana ƙara santimita ɗaiɗai, har a sami daidai inda ƙarar ke fara fita. A nan za a matse tef da babban yatsa a jikin alama, a karanta. Da asuba, kafin kaji su cika gari da cara, har amsa-kuwwar ƙarar ana ji tana hawowa a jikin zobba.

Akwai gyaran da masu koyo kan manta. Sifilin tef yana wurin ƙugiyarsa, bakin ƙarfen kuwa yana ƙasa da nan. A auna wannan tazara, a ce santimita 14 ce, a rubuta ta da babban baƙi a bangon littafi, a riƙa ƙara ta a kan kowane karatu. Idan igiyar da ta ɗaure ƙarfen ta tsinke aka sake ɗauri, a sake aunawa. Da waya ta ƙarfe muke ɗaurewa don kada ta miƙe. Igiyar leda mai ƙulli-ƙulli da wasu ke yi a madadin tef ba ma amfani da ita ko kaɗan, saboda tana miƙewa da nauyi, tana ƙara miƙewa da zafi, har ta nuna ruwa ya hau alhali igiyar ce ta yi tsawo.

Inda ƙara ba ta fita sosai, kamar kusa da injin niƙa ko a bututu mai ƙunci, alli ake sawa. Wannan da tef na ƙarfe ake yi. A goge mita 1 na ƙarshensa ya bushe, a shafe shi da alli, a zura har a tabbatar wani ɓangare ya shiga ruwa, a tsayar da cikakkiyar lamba a kan alama, misali mita 13 cif. A jawo da sauri a duba inda ruwa ya jiƙa allin. Idan jiƙon ya tsaya a santimita 42, zurfin ruwa mita 12.58 ke nan. Saurin jawowar yana da dalili: a zafin Afrilu jiƙon kan bushe kafin tef ya iso hannu. Akwai kuma na'ura mai batir wadda ke kuka idan kanta ya taɓa ruwa. Ita ce ta fi dacewa da burtsatse, kuma guda ɗaya ta isa ƙauyuka da yawa su riƙa karɓa-karɓa. Wadda ake haɗawa a gida da waya mai hanji biyu da batir mai bolt 9 tana aiki, sai dai tana da aibi biyu. Takan yi kuka tun ba ta kai ruwa ba idan kanta ya goga jiƙaƙƙen bango, takan kuma yi shiru a ruwan da gishirinsa ya yi ƙaranci, domin irin wannan ruwa ba ya ɗaukar lantarki sosai. A gwada ta a bokitin ruwan rijiyar kanta kafin a yarda da ita.

Kowane irin kaya aka yi amfani da shi, mita biyun ƙarshe da ƙarfen sai an wanke su kafin a shiga wata rijiya. Babban cokali 1 na ruwan bilic a lita 1 ta ruwa ya wadatar, sannan a ɗauraye, don bilic na cin ƙarfe. Kada tef ya taɓa ƙasar bakin rijiya, inda dabbobi ke tsayawa. Ruwan sha ne na mutane, kuma mai awo ba shi da uzurin kai masa ƙazanta. Ba a kuma shiga rijiya don awo, ko tef ne ya faɗa. A bar wa masu sana'ar, domin gindin tsohuwar rijiya kan tara iskar da ba ta da amfani ga numfashi.

Lokaci shi ne abu na biyu bayan alama. Ruwan da ake gani a rijiya da hantsi ba matakin ruwan ƙasa ba ne, ragowar abin da guga ya bari ne. Matakin gaskiya shi ne wanda rijiya ta kai bayan ta huta dare guda. Don haka ana awo da an sallame sallar asuba, kafin guga na farko, rana ɗaya tsayayya a mako. Mukan guje wa ranar kasuwar ƙauyen da washegarinta, saboda ɗibar ranar ba irin ta kullum ba ce. Idan mai awo ya iso ya tarar an riga shi, ya auna dai, amma ya rubuta cewa an riga an ɗiba. Lamba mai bayani tana da amfani. Wadda ke ɓata littafi ita ce wadda aka zauna a gida aka ƙirƙira don cike gurbi, kuma gane ta ba wuya: lambobin da kullum ke ƙarewa da 0 ko 5, ko mako huɗu a jere ba canjin ko santimita 1. Mun gwammace gurbi a bar shi fari. Kowane awo sau 3 ake yinsa. Idan karatun ba su wuce santimita 2 a tsakaninsu ba, a rubuta na tsakiya, idan sun wuce a sake.

Layin littafi yana ɗauke da kwanan wata, lokaci, karatun tef, karatun bayan gyara, sunan mai awo, da fili mai faɗi na bayani. Wannan filin ne ke ba lambobin ma'ana daga baya: an yi ruwa jiya, gulbi ya cika, makiyaya sun sauka, an fara dashen shinkafa, ana buga bulo a unguwa, an yashe rijiya, ruwa ya yi ja. Wani abu da ke rikita kusan kowa a farko shi ne cewa idan lamba ta ƙaru ruwa sauka ya yi, tunda daga sama ake aunawa. Saboda haka muka ƙara layi ɗaya wanda kowa ke ganewa nan take, wato tsayin ruwan da ke kwance a rijiya: zurfin rijiya har gindi a cire zurfin ruwa. Rijiya mai mita 15.20 da aka sami ruwa a 12.58 tana da ruwa mita 2.62.

Daga nan mayar da shi jarka abu ne mai sauƙi, kuma a taron kwamiti lissafin jarka ake saurara. Rijiya mai faɗin mita 1 tana ɗaukar lita 785 a kowace mita ta tsayi, kimanin jarka 31 mai lita 25. Mai faɗin mita 1.2 tana ɗaukar lita 1,130, jarka 45. Unguwa mai mutum 300, idan aka ba kowa lita 20 a yini, tana bukatar lita 6,000, jarka 240, ban da dabbobi, alhali saniya ɗaya a bazara kan sha lita 25 zuwa 40. Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ga cewa abin da ke kwance a rijiya ba shi ke riƙe da unguwa ba. Abin da ke riƙe ta shi ne saurin da rijiyar ke kawowa bayan an ɗiba.

Wannan saurin ma ana auna shi, sau ɗaya a wata daga Janairu zuwa faɗuwar ruwa. Ana roƙon mutane su tsayar da ɗiba bayan magariba. A auna nan take, a sake bayan minti 30, bayan awa 1, bayan awa 2, sai kuma da asuba. A ce a rijiya mai faɗin mita 1.2 ruwa ya hau santimita 40 a awa 2: lita 452 ke nan, wato kimanin 226 a awa. Kada a ninka wannan da 24 a ce abin da take bayarwa a yini ke nan, domin rijiya ta fi saurin kawowa lokacin da aka kwashe ta, tana kuma rage gudu yayin da take cika. Amfanin lambar shi ne kwatanta ta da ta watan jiya da ta bara. Idan matakin asuba bai canza ba amma kawowar ta ragu, idanun rijiyar ne suka toshe da laka, yasa take bukata, ba ƙarin zurfi ba.

Zurfi har gindi kuwa sau 2 a shekara ake aunawa, bayan ɗaukewar ruwa da kuma tsakiyar bazara, da nauyi mai faɗin gindi wanda ba zai nutse cikin laka ba. Rijiyar da ba murfi tana cika da ƙurar hunturu, da gugunan da suka tsinke, da yashin da ke zubowa ta bayan zobba. Rijiya mai faɗin mita 1.2 da ta yi asarar mita 1 ta gindi ta yi asarar jarka 45 na ajiya, kuma a idon mai ɗiba daidai take da wadda ruwanta ya sauka.

A fadama lissafin na manoma ne kai tsaye. Tun shirin Fadama na shekarun 1990 ƙananan rijiyoyin bututu da injinan fetur suka bazu, suka ƙara yawa bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Injin da ke zaune a doron ƙasa zuƙo ruwa yake yi, kuma zuƙa tana da iyaka: nauyin iska ba ya iya tura ruwa sama da kimanin mita 10, a aikace kuwa daga mita 6 zuwa 7 injin ya fara shan wahala, ruwan tiyo ya ragu, yana fita yana tsartuwa da iska, mai yana ƙonewa. Manomi kan ɗauka injin ne ya lalace ya kai shi wurin bakanike. Wanda ke da awo ya san saura santimita nawa ya kai iyakar, ya san kuma nawa ruwan ke sauka a mako, sai ya lissafa ko zai kai girbi. Idan ba zai kai ba, ya haƙa ramin da zai saukar da injin mita 1 ko 2 tun kafin shinkafa ta ɗauki ciki, lokacin da ƙishi ya fi yi mata illa. Ramin ya zama mai faɗi a buɗe, kuma kada kowa ya zauna ciki injin na aiki, don hayaƙin fetur a rami yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 masu hali suka koma injin sola. Ya rage tsada, amma ya cire birkin da tsadar mai ke yi, domin injin da ba ya shan kuɗi ba a cika kashe shi ba sai rana ta faɗi. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa awon fadama ya fi zama dole yanzu.

A fadama ba ma so mu riƙa cire tiyon manomi kowane mako. Mukan nemi bututun da aka bari, mu mayar da shi na awo, mu sa masa murfi da kwaɗo, don yara na jefa duwatsu. Kafin a amince da shi a zuba masa bokiti 1 na ruwa a auna. Idan ruwan ya koma inda yake cikin ɗan lokaci, bututun yana haɗe da yashin da ke kewaye da shi. Idan ya tsaya cak har washegari, ya toshe, lambarsa ba ta da amfani.

Burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa ya fi wuya, saboda kansa a rufe yake. Sai da makanikin famfo, kuma mukan haɗa awon da ranar da zai yi gyara. A ranar a ƙirga bututun da ya fitar. Kowanne mita 3 ne, adadinsu ke nuna inda silinda, wato ɓangaren famfon da ke cikin ruwa yana ɗago shi, take zaune. Ba duk famfon da ke jinkiri ne ruwa ya gudar masa ba. Wanda da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya zo, amma daga nan ya yi ta bayarwa, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo ko robar ta cinye. Wanda ke bayarwa da safe ya ɗauke da rana, ya dawo bayan hutu, shi ne wanda ruwa ke sauka ƙasa da silindarsa. A burtsatse mai injin nutso a kashe wuta tukuna, a auna da asuba, kuma kada a zura tef haka kawai, don yana naɗewa a jikin wayar injin ya maƙale. Maganin wannan tun ranar haƙa ake yinsa: a sa mai haƙa ya ɗaura siririn bututun roba mai inci 1 a jikin na ruwa, mai ƙananan huji a ƙasa, don awo kawai. Kuɗinsa kaɗan ne, amma sai kwamiti ya nema da bakinsa. A kuma karɓi takardar da ke nuna zurfin haƙa, inda aka sa matata, da matakin ruwa a ranar da aka gama.

Muna ajiye ma'aunin ruwan sama guda a makarantar firamare, a fili nesa da bishiya da indararo, ana karanta shi kowace safiya. Yankin Birnin Kebbi kan sami kimanin milimita 800 a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. Idan aka jera ruwan sama da awon rijiya a zane a takarda ɗaya, sifili a sama, watanni a kwance, halin kowace rijiya kan fito. Ta fadama tana amsawa cikin kwanaki. Ta tudu kan ci gaba da sauka har bayan an yi shuka, saboda ruwan farko ƙasa da tsiro ke shanyewa, sai damina ta yi nisa take juyowa, ta kai ƙololuwa bayan ruwa ya ɗauke. Burtsatse mai zurfi da ƙyar yake nuna damina. Rijiyar tudu da ta yi tsalle washegarin ruwan sama, ruwanta ya yi ja, ba abin murna ba ce: ruwan titi ne ke shiga ta fasasshen daɓe ko ta bayan zobba, tare da duk abin da ya kwaso. Wannan gyara ne na gaggawa, musamman idan akwai masai a ƙasa da mita 30.

Kowace rijiya da kanta ake kwatanta ta. Rijiya mai ruwa a mita 20 da mai ruwa a mita 6 suna iya zama a kan ruwa ɗaya, ɗaya tana tudu ɗaya tana gangare. Wanda ke son sanin inda ruwan ƙasa ya nufa sai ya san tsayin alamomin da junansu, kuma tsayin da waya ke nunawa kan kauce da mitoci. Tsakanin rijiyoyi makusanta tiyon lebur na magina ya fi ta gaskiya. Shekara ɗaya kuma ba ta isa a ce ruwa na ƙarewa ba. Lambobi biyu ake bi, mafi ƙasa a ƙarshen bazara da mafi sama bayan damina. Idan duka biyun suna sauka shekara 3 ko fiye a jere, a rijiyoyi da yawa, har a shekarar da aka sami ruwan sama mai kyau, to ɗiba ta fi shigowa. Idan kuwa rijiyar bakin fadama ce kaɗai ke faɗuwa da zarar an tayar da injina, ta kuma farfaɗo bayan girbi, maƙwabcinta ne ke shan ruwanta, kuma maganar tazara ce da rabon lokaci.

Bayan cikar shekara ta farko kwamiti kan zauna ya sa wa kowace rijiya matakai biyu, a rubuta su a bangon da kowa ke gani. Mukan fara da tsayin ruwa mita 2 da mita 1 da asuba, sannan a gyara gwargwadon halin rijiyar. Idan aka kai na farko, masu buga bulo da masu kurar garuwa su koma wata rijiyar, a tsara wa dabbobi lokaci ko mashaya dabam, a yi magana da makiyaya tun kafin layi ya yi tsawo rai ya ɓaci, a fara tara kuɗin yasa. Idan aka kai na biyu, sha da girki kawai. Ƙarin zurfi a ƙarshen bazara ake yinsa, Afrilu zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya kusa ƙarshen saukarsa. Rijiyar da aka haƙa ko aka ƙara a Oktoba mai haƙa kan tsaya da wuri don ruwa ya kore shi, ita ce kuma ke fara ƙafewa.

Ƙarshen kowane wata ana ɗaukar hoton shafukan da waya a tura wa mutum biyu, saboda gara da ɗigon rufi suna cin littafi. Kwafi ɗaya na zuwa sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma, kuma idan za a nemi burtsatse daga RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, takardar kan tafi da zanen awon a manne. Idan mai awo zai sauya, tsoho da sabo su yi mako 2 suna aunawa tare har karatunsu ya daidaita. Haka idan za a sake ginin bakin rijiya ko a ɗora mata murfi: a auna ruwa daga tsohuwar alama da asubar ranar da za a fasa, a mayar da tsayin alamar jikin wani abu da ba ya motsi, kamar harsashin ginin da ke kusa, da tiyon lebur. Bayan an gama a kafa sabuwar alama, a auna bambancinta da tsohuwa, a rubuta shi da kwanan wata a shafin farko na rijiyar, a ja jan layi a littafi daga inda sabon karatu ya fara.